Kiredit Biyar Na Shiga Jami'a Ne, Ba Na Samun Sikolashif Ba

Duk shekara idan watan Agusta ya kama aka saki sakamakon WAEC, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidajen Dangoma da Kalgo da Gwandu a jihar Kebbi: "Ya haɗa kiredit biyar?" In aka ce ya haɗa, har da Turanci da Lissafi, sai a yi hamdala a shiga yi wa iyaye barka. Barkar kuwa ta cancanta, don ba kowa ke samu ba. A 2024 kimanin kashi 72 cikin 100 na waɗanda suka zauna jarrabawar a faɗin Najeriya ne suka haɗa, a 2025 kuma abin ya sauko zuwa kusan kashi 63. Sai dai kiredit biyar ƙofar jami'a kawai yake buɗewa. Uban da ke fatan wata hukuma ko wani kamfani ya ɗauki nauyin karatun ɗansa saboda hazaƙa, lissafinsa daban ne, kuma ba a aji shida ake fara shi ba, tun daga aji huɗu ne.

Da farko a raba kuɗaɗen da jama'a ke haɗawa su kira su duka da suna sikolashif, don ba iri ɗaya ba ne. Akwai tallafin da jiha ke bai wa 'ya'yanta ta hannun Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kebbi. Wannan babban sharaɗinsa shi ne ka zama ɗan jihar kuma kana da gurbin karatu; ba gasar maki ba ce. Akwai kuɗin NELFUND, wanda aka buɗe shafin nemansa a watan Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Wannan bashi ne. Babu ruwa a kansa, amma ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, kuma duk wanda ya ce maka kyauta ce bai gaya maka gaskiya ba. Sannan akwai na cancanta, wanda ake ba ɗalibi don ya fi wasu, ba a kuma neman ya mayar da ko kwabo. A kan wannan na ƙarshen za mu tsaya.

Takardar WAEC da ta NECO matakai tara gare su. A1 ne ƙololuwa, sai B2 da B3, sai C4 da C5 da C6. Waɗannan shida duk kiredit ne. D7 da E8 tsallakewa ce kawai, F9 kuwa faɗuwa. Ga mai neman gurbi a kwas ɗin da ba a cika rububinsa ba, C6 da A1 duk sun biya buƙata, shi ya sa yara da yawa, da ma malamansu, suka ɗauki C6 a matsayin inda ake sauke kaya. Mai ba da sikolashif ba haka yake kallon takardar ba. Shi A da B yake ƙirgawa, kuma yana duba ko a zama ɗaya aka same su, ko kuwa an haɗo rabi daga WAEC ta bana rabi daga NECO ta bara.

Misali mafi bayyana shi ne shirin da Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya ta daɗe tana gudanarwa, wanda aka fi sani da BEA, yarjejeniyar da ke kai ɗaliban Najeriya karatu Rasha da Sin da Hungari da Maroko da Aljeriya da Masar. A shekarunsa na baya-bayan nan, mai neman digirin farko sai ya kawo darasi bakwai da ya ci da A ko B, har da Turanci da Lissafi, kuma na WAEC ta 'yan makaranta kaɗai ake karɓa. Yaron da ya dogara da NECO, komai kyan sakamakonsa, tun a bakin ƙofa ake sallamarsa. A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da dakatar da shirin, bayan an sha jin koken ɗaliban da ke can kan jinkirin kuɗin guzurinsu. Saboda haka kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai sama wa yaro BEA. Na kawo shi ne don ma'aunin da ya kafa bai tafi tare da shi ba: duk inda ake rabon kujera kaɗan ga mutane da yawa, A da B ake nema.

Wannan ba yana nufin a raina NECO ba. Tun da aka kafa ta a 1999, da hedikwata a Minna, jami'o'in ƙasar nan ke karɓar takardarta daidai da ta WAEC, haka ma mafi yawan masu ba da tallafi na cikin gida. Akwai kuma NABTEB ga 'yan makarantun fasaha, da NBAIS ga 'yan makarantun Larabci da addinin Musulunci, waɗanda suke da yawa a ƙasar Gwandu. Amma WAEC, wadda ta faro tun 1952 kuma ƙasashe biyar na Afirka ta Yamma suka haɗu a kanta, ita aka fi sani a ƙetare. In da hali yaro ya zauna duka biyun. In ba hali sai ɗaya, kuma ana hangen waje, to WAEC.

Sai JAMB. Darasi huɗu ake yi, Turanci dole, kowanne maki 100, jimla 400. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuma na kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. A nan ma ruɗin iri ɗaya ne da na C6: yaro ya ci 170 ya ji ya wuce layi. Ya wuce layin ƙasa, amma bai ko hango na sikolashif ba. A jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba a sakamakon farko da aka fitar, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika ko kashi 1 cikin 100 ba. Wannan na nuna abu biyu. Maki 300 ba wasa ba ne, kuma wanda ya kai 260 ko 270 ya riga ya shiga sahun 'yan ƙalilan, ya kamata ya san darajar abin da ke hannunsa.

Shin akwai kuɗin da makin JAMB shi kaɗai ke jawowa? Akwai, amma kaɗan ne. Gidauniyar MTN tana ɗaukar nauyin mutum goma da suka fi kowa maki a ƙasar, naira 300,000 a shekara har su gama, muddin ba su yi sake da karatu ba. Goma ke nan cikin kusan miliyan biyu, kuma makin da ya fi kowanne a 2024 shi ne 367. Wasu jami'o'i masu zaman kansu, irin su Nile a Abuja da AUN a Yola, suna rage kuɗin makaranta ga masu sakamako mai kyau. Kafin a yi murna da irin wannan a tambaya dalla-dalla: ragin ya haɗa da ɗakin kwana da abinci, ko kuɗin karatu kawai ya shafa? Rabin kuɗin jami'a mai tsada yakan fi cikakken kuɗin jami'ar gwamnati nesa ba kusa ba. Gwamnoni da 'yan majalisa da attajirai ma sukan yi wa zakarun jarrabawa kyauta, amma wannan sa'a ce, ba tsari ba ne da za a gina shiri a kansa.

A Amurka abin ya fi miƙewa. Tun 1955 suke da shirin National Merit, inda ɗalibi ke zama jarrabawar PSAT ana saura shekara ya gama sakandare, makinsa kuma shi ke shigar da shi gasar kai tsaye. Na 'yan can ne, yaron Kalgo ba ya ciki. Abin sha'awa dai shi ne su ma jiha-jiha suke yanka makin tsallakewa, ɗan kowace jiha da 'yan jiharsa yake fara karawa.

Mu ma muna da irin wannan, kuma ya kamata ɗan Kebbi ya fahimce shi da kyau. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin na baya a ilimin boko, kuma Kebbi na cikinsu. Ga shi Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin a ƙasar Kalgo yake, kan hanyar Bunza. Ga jami'ar jiha a Aliero, ga ta aikin gona a Zuru, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ɗan Dangoma na iya samun gurbi da makin da ba zai kai ɗan Legas ko'ina ba. Alheri ne, amma yana da illar da ba a cika faɗa ba: yana sa yaro ya saba da neman abin da zai ishe shi tsallakewa kawai. Tallafin da ke fitowa daga gwamnatin tarayya yakan bi tsarin raba daidai tsakanin jihohi, don haka ɗan Kebbi da 'yan Kebbi zai fi yin takara. To amma cikin 'yan Kebbin akwai 'yan Kwalejin Nagari ta Birnin Kebbi, da 'yan Kanta ta Argungu, da 'yan matan Kwalejin Tarayya ta Gwandu, da 'ya'yan ma'aikatan da suka yi sakandare a Abuja da Kaduna suka dawo gida karɓar takardar indijin. Kason jiha yana rage yawan abokan karawa, ba ya sauke sharaɗin da aka gindaya.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma iyaye suka fi jahilta. Mafi yawan sikolashif na cancanta a Najeriya ba a ranar fitowar sakamako ake samunsa ba, sai yaro ya shiga jami'a ya nuna kansa. Na gwamnatin tarayya ga ɗaliban makarantun gwamnati na cikin gida sai daga aji biyu ake nema, da CGPA, wato matsakaicin makin jami'a, 4.0 cikin 5.0, kuma a 2025 an ɗaga kuɗinsa ga masu digirin farko daga naira 300,000 zuwa 450,000 a shekara. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur da aka kafa a 1973, shi ma 'yan aji biyu yake ɗauka a kwasa-kwasan da suka shafi aikinsa. Babban shirin MTN na kimiyya da fasaha 'yan aji uku yake nema, masu CGPA 3.5 zuwa sama. Kamfanonin mai da ke haɗin gwiwa da NNPC, irin su Chevron da TotalEnergies, da kamfanin iskar gas na NLNG, suna da nasu na 'yan ajin farko-farko, kuma wasu daga ciki na ƙasa baki ɗaya ne, ba na yankin Neja Dalta kaɗai ba kamar yadda ake zato a nan Arewa.

Wani zai ce to in haka ne me ya rage wa WAEC da JAMB, tunda makin jami'a ake dubawa? Sun rage da yawa. Su ne suka kai yaro kwas ɗin da ake ba tallafin tun farko, don kuɗin kamfanoni ya fi karkata ga injiniyanci da likitanci da kimiyyar ƙasa da kwamfuta, waɗannan kuwa ba a shigarsu da 170. Jami'o'i da dama suna haɗa makin JAMB da na tantancewarsu da matakan WAEC su fitar da jimla ɗaya, inda A1 ke da nauyin da C6 ba shi da shi. Sannan ranar cike fom ɗin sikolashif, ko da yaro yana aji biyu, za a sake cewa ya ɗora takardar sakandare, wasu har da ta JAMB. In mutum dubu suka cika sharaɗin CGPA ana neman ɗari, da waɗannan takardun ake tankaɗe su, kamar yadda ake sa gari a rariya kafin a kai ga tukunya.

Bayan tankaɗen kuma akwai wata jarrabawar. Kusan duk manyan masu ba da tallafin nan sai sun kira waɗanda suka tsallake sun zauna gwajin basira a kwamfuta, lissafi da Turanci da saurin fahimta, cikin ƙayyadadden lokaci. A nan ne asirin makarantun satar amsa ke tonuwa. Uba ya sayar da sa ko buhunan shinkafa ya kai yaro wata cibiya inda ake rubuta amsa a allo, yaro ya fito da A1 shida, a zaunar da shi gaban kwamfuta ya kasa raba kashi uku cikin huɗu da rabi. Wannan in ma hukumar jarrabawar ba ta riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya ba, abin da ke faruwa duk shekara, har ya shafi yaran da ba su ji ba ba su gani ba. A 2023 wata ɗaliba a jihar Anambra ta fito da takardar JAMB mai maki 362, aka yi ta yayata ta a matsayin zakarar ƙasa, wani attajiri ya yi mata kyautar naira miliyan 3. Da aka bincika, 249 ta ci. Aka janye kyautar, JAMB ta hana ta zama jarrabawar shekara uku. Abin takaicin shi ne 249 ɗin nata na gaskiya maki ne mai kyau da zai kai ta jami'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle yanzu da mai ba da tallafi ke iya duba sakamako kai tsaye daga rumbun hukumar.

Akwai kuma abin da ke kayar da yaranmu wanda ba shi da alaƙa da ƙwaƙwalwa ko kaɗan, wato takardu. Mu mutane ne masu yalwar suna. Yaro ɗaya Mamman ne a gida, Muhammadu a firamare, Mohammed a WAEC, Muhammad a katin ɗan ƙasa. Abubakar ya zama Garba ko Buba, A'ishatu ta zama Indo. A wata takarda an rufe da sunan uba, a wata da sunan kaka, a wata da sunan gari, Dangoma ko Kalgo. Ranar haihuwa kuwa sau da yawa malamin da ya cike fom ne ya ƙaddara ta. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne, kwamfuta kuwa mutum huɗu take gani. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, kuma abin da ke kan NIN shi JAMB ke ɗauka. Saboda haka kafin makaranta ta tura sunaye WAEC, uba ko wa ya je da kansa ya ce, "Malam, a nuna mini yadda aka rubuta sunan yaron nan da ranar haihuwarsa," ya gwada da na NIN harafi bayan harafi. Gyara a wannan lokacin minti biyar ne. Bayan an buga takarda kuwa sai rantsuwar kotu da kuɗi da zirga-zirgar watanni, wa'adin fom ya wuce ana kan hanya. Takardar indijin daga sakatariyar ƙaramar hukuma da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya su ma a tanade su tun ba a buƙace su ba. Lambar waya da adireshin imel da aka yi rajista da su kuma su zama na yaron ko na gidansu, ba na mai shagon intanet ba, don ta nan ake aiko da gayyatar gwaji, sau da yawa da 'yan kwanaki kaɗan a tsakani. Haka nan a tabbata an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB, don ba a ba da gurbi sai da shi.

Ƙofar waje ba ta rufe duka ba don an dakatar da BEA. Gwamnatin Turkiyya tana buɗe nata shirin daga watan Janairu zuwa Fabrairu, kai tsaye ake nema ta intanet ba tare da an bi ta wata ma'aikata ba. Tana neman kashi 70 cikin 100 a sakamakon sakandare, kashi 90 ga mai son likitanci, kuma mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda malamai da yawa na ƙasar Hausa suka fito daga cikinta, ita ma da takardar sakandare take ɗauka, tana duba ƙarfin sakamakon, da shekarun mai nema, da daɗewar takardar. Wannan batu na shekaru a riƙe shi da kyau, don yaran karkara da na rugage sukan shiga firamare a makare, wani kuma ya gama sakandare ya yi shekara uku yana noma ko kiwo kafin ya waiwayi karatu. Takardar tana tsufa, mai ita ma yana tsufa. Ta ɗaya gefen kuma, JAMB ta tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, wanda bai kai ba sai ya ci 320 kafin a ma saurare shi.

Ga mai ƙaramin yaro da aka ga alamar baiwa tattare da shi, akwai hanyar da ta riga duk waɗannan: makarantar haziƙai ta gwamnatin tarayya da ke Suleja, wadda NECO ke shirya jarrabawar shigarta, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin karatun wanda ya ci. Shugabannin firamare ya kamata su riƙa sanar da iyaye lokacinta.

Abin da ya rage shi ne shiri, kuma a ganina babban gibin yaran ƙauyukanmu biyu ne, Turanci da kwamfuta. Yaro na iya sanin Kimiyyar Sinadarai sarai ya faɗi don bai gane abin da tambayar ke nufi ba, kuma Turanci shi kaɗai kashi ɗaya cikin huɗu ne na makin JAMB. Maganinsa karatu ne kullum, da bitar tambayoyin shekarun baya da agogo a gefe, tambaya 180 cikin minti 120, wato ƙasa da minti ɗaya ga kowace. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, rabin awarsa ta farko a rawar hannu za ta tafi. JAMB tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske ga wanda ya nuna yana so lokacin rajista, kuma ɗan ƙarin kuɗin da ake biya bai kai asarar shekara guda ba. WAEC ma ta fara amfani da kwamfuta tun 2024 ga masu zama daga waje, gwamnati kuma ta ce can aka nufa da kowa.

Rajistar JAMB takan kama ne a farkon shekara, jarrabawar wajen watan Afrilu, WAEC daga nan zuwa Yuni, NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli. Sanarwar sikolashif ba ta da wata guda tsayayye. Kowace hukuma da nata lokacin, tana fitowa a shafinta na intanet da manyan jaridu, ofishin kula da harkokin ɗalibai na jami'a ma yakan liƙa. Na gwamnatin tarayya da na PTDF da na MTN da na kamfanonin mai duk kyauta ake cike fom ɗinsu, don haka saƙon WhatsApp da ya ce a tura kuɗin rajista zuwa wani asusu na 'yan damfara ne.